Rakiyar Isuhu

Da kakar nan da muke ciki yayana Isuhu ya cika shekara goma sha biyu a ƙasa. Ya rasu ana ɗaurin damman hatsi, a gidansa na Mayahi, bayan ciwon ƙirji na sati uku. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kansa ba, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa ƴaƴan mutane rubutu a lekol-lekol ɗin Tasawa. Abin faɗa kam ina da shi. Kunya ce ta rufe mini baki, kuma zan zo kanta.

Duk wanda ya zauna tsakanin Mayahi da Tasawa ya taɓa jin ana cewa wane ya yi rakiyar Isuhu. Ana faɗar haka idan mutum ya saki abincinsa saboda kara, ko ya yi asara wajen kyautata wa wanda ba zai amfane shi da komai ba. Na ji maganar a bakin ƴan kamasho a tasha. Na ji ta wajen mata a bakin rijiya a Kanan-Bakashe. Wani mushe, wato malami abokin aikina, ya taɓa faɗarta a gabana yana ƙyaƙyata dariya, bai san ƙanwar mai sunan yake yi wa hira ba. Yawancin masu faɗa ba su san ko wane Isuhu ba ne, sun tsinci maganar ne kawai a hanya.

Amma ɗansa ya sani. Sani ke nan, babban ɗan Yaya, mai shagon kayan waya a bakin kasuwar Mayahi. Ƴaƴansa biyu duk mata ne, yanzu kuma matarsa na da tsohon ciki. A gidanmu, tun kaka da kakanni, ɗa namiji na fari sunan kakansa yake ci. Da na je duba su watan jiya na taɓo masa zancen, sai ya kawar da kai ya ce, "Gwaggo, ki bar wagga magana. Ba ni sa ma ɗana sunan da za a riƙa yi mai dariya cikin kasuwa." Wannan maganar ce ta zaunar da ni na ɗauki biro.

Yaya ya bar gida yana saurayi, wata shekara da damina ta yi gardama. Ci-rani ya tafi kamar kowa, sai ƙafa ta ja shi daga Kwatano zuwa Abijan, daga can sai Dakar. Mutumin da duk ruwan da ya sani shi ne tabkin bayan gari mai ƙafewa kafin bazara, shi ne ya ƙare a kan teku. Ya sami aiki a wani jirgin ruwa na masu yawon shaƙatawa, irin waɗanda ke biya a zaga da su gaɓar teku sati ɗaya ko biyu, su ci, su sha, su kalli duniya. Aikinsa kula da ɗakunan baƙi ne: gyaran gado, kai shayi, ɗaukar kaya. Jirgin ƙarami ne, fasinjansa ba su kai ɗari ba, kuma ya tsufa tun kafin Yaya ya shige shi. Shi ya sa bai taɓa kiransa da sunan da ke rubuce a jikinsa ba, Tsohuwa yake ce masa.

Na san Tsohuwa da idona. Shekarar da na gama makarantar horon malamai, Yaya ya aiko na je Dakar, ya roƙi kumandan jirgin alfarma aka bar ni na yi kwana biyar a ciki. Ba zan yi muku ƙarya don ina son wanke ɗan'uwana ba: Tsohuwa ta ba ni wuya. Kwana biyun farko amai na yi ta yi har na ce a mayar da ni Tasawa ko da ƙafa ne. Injinta na gurnani dare da rana, ɗakunanta ba su fi rumbu faɗi ba, famfon wanka sai an lallashe shi. Matakalanta kuwa tsaye suke kamar tsani. Wurin cin abinci ɗaya ne, lokaci ɗaya, abin da kuku ya dafa shi kowa zai ci.

Sai dai ƙanƙantarta ita ce arzikinta. Tana barin teku ta kutsa cikin kogi, ta bi lungu-lungu har ganyen itatuwa ya kusa shafar ta. Ta tsaya a bakin wani ƙauye, masunta su zo da kwale-kwale su sayar wa kuku kifin da za a ci da rana, baƙi su sauka su shiga gari su gaisa da mutane. Kafin kwana uku kowa ya san kowa. Yaya kuwa ya san wanda ba ya shan sukari, da wadda ƙafarta ke kumbura, da wanda matarsa ta rasu bara ya zo shi kaɗai bana. Da safe yakan bi ƙofa-ƙofa yana tambayar kwana da gajiya, da Faransancinsa na kasuwa, kamar yadda yake bin gidajen dangi idan ya zo ganin gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar sauka. Babu baƙon da ya bar jirgin nan shi kaɗai. Yaya zai ɗauki jakar mutum, ya taka masa har ƙasa, har bakin mota, ya tsaya sai mota ta ɗaga, yana cewa a sauka lafiya, a gaida mutanen gida. Ya dawo ya ɗauki na gaba. Babu wanda ya sa shi, ba ya cikin takardar aikinsa. Daga gida ya tafi da abinsa, inda ko maƙwabci ne ya shigo aron galma ba ka barinsa ya fita sai ka taka masa zuwa bakin zaure. Sauran ma'aikatan suka gani suka ɗauka, har ta zama al'adar jirgin. Akwai Turawan da suka yi ta dawowa shekara da shekaru, suna isowa suna tambaya ina Isuhu.

Ya haura shekara ashirin a cikinta kafin masu ita su ga ba ta kawo abin da suke so, suka sayar wa masu yanka ƙarfe. Saboda kyawun shaidarsa aka ba shi wuri a wani sabon jirgi babba a can tekun Turai, albashi ya ƙaru, mu nan gida muka yi ta murna har da sadaka. Ba mu san cewa a irin wannan jirgin ranar sauka ita ce ranar hawa ba. Dubban mutane na fita da safe, wasu dubbai na shiga da azahar, kuma a ɗan tsakanin nan kowane ma'aikaci zai kwashe, ya share, ya shimfiɗa duk ɗakunan da ke hannunsa.

Yaya ya ci gaba da rakiya. Aka ja masa kunne sau ɗaya, aka ja sau biyu. Na ukun a kan wata tsohuwa ce mai dogara sanda, wadda ta sha shiga Tsohuwa tare da mijinta. Mijin ya rasu, ta ji labarin inda Isuhu ya koma, ta biyo shi. Ranar sauka ya bar keken zannuwansa a hanya, ya ɗauki jakarta, ya riƙe mata hannu tun daga hawan da ɗakinta yake har cikin layi, har bakin tasi. Kafin ya dawo awa guda ta wuce. Shef ɗinsa, wato shugaban masu gyaran ɗakuna, ya kira shi ofis, ya ajiye masa takarda ya sa hannu a kan ba zai ƙara barin hawansa ranar sauka ba. Shi da kansa ya ba mu labarin amsar da ya bayar: "Na ce mai, Shef, baƙon da ba a raka ba korar shi anka yi. Ni ko ban koyi korar baƙo ba, kuma na tsufa da koyo." Ya ajiye masa biro, ya haɗa kayansa.

Ya iso Mayahi da akwati biyu da furfura. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce sabo turken wawa, wasu suka ce girman kai rawanin tsiya. Sani yana lise, makarantar sakandare, a Maraɗi a lokacin, yaro mai ƙwaƙwalwa, sai ga shi kafin shekara ta zagayo ya dawo gida, don babu mai riƙe shi a can. Ban ga laifin Sani ba idan abin yana ci masa rai har yau, shi ya ɗanɗana kuɗarsa.

Ga inda kunyata take. Ni ce na fi kowa zafi. Na taso daga Tasawa musamman, na iske shi a gindin itacen bedi na ƙofar gidansa yana gyaran igiyar guga, ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Yaya, ka zubda abincin ɗiyanka cikin teku don wata tsohuwar Anasara da ba ta ƙara tuna ka!" A gaban mutane na faɗa. Ya ɗago ya dube ni, bai yi fushi ba, ya ce, "Hadiza, ba ki gani ba." Da na tashi tafiya, ina cika ina batsewa, sai ya ajiye igiyar ya raka ni har tasha. Ina zargin daga bakina ne maganar nan ta sami ƙafa ta shiga gari. Ya yi shekara takwas yana noman hatsi da wake a gonar gado, muna zumunci kamar komai bai faru ba, amma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Magana zarar bunu ce, tawa kuwa ta fita ta bar ni da ciwonta.

Bara ɗiyata Maryama, wadda ke aikin jinya a Marsey ta ƙasar Faransa, ta matsa sai na je na huta tunda na ajiye alli. Da na isa sai ta ce ta kama mana wuri a jirgin ruwa, sati guda. Na yi dariya na ce ni da jirgin ruwa ai mun saba, na tanadi lemun tsami saboda amai. Da tasi ta sauke mu na ɗaga kai ina neman jirgin, ina tsammanin wani dogon bene ne ya kare shi. Maryama ta ce, "Inna, shi ne wannan."

Gaskiya ɗaya ce, a faɗe ta ko da ba ta yi wa mai faɗa daɗi ba. Sabon jirgi ya fi Tsohuwa jin daɗi nesa ba kusa ba. Lemun tsamina ya bushe a jaka ban taɓa shi ba, don ko motsi ban ji ba. Gwiwoyina da ke hana ni hawan matakala ba su san sun yi tafiya ba, akwai asansar da ke kai mutum kowane hawa yana tsaye. Akwai likita a ciki. Abinci kuwa ko'ina ka juya, kowane lokaci, har da wanda Musulmi zai ci hankalinsa kwance. Akwai wuraren wanka, da kantuna, da dandalin wasa wanda ya fi filin lekol ɗinmu girma. Da a Tsohuwa aka sa ni da waɗannan shekarun nawa, da a kwance zan yi satin. Duk mai yara ƙanana, ko mai ciwon ƙafa, ko mai tsoron ruwa, babban jirgi ne nasa, ba na musu.

To amma sati guda na yi ban san sunan mutanen ɗakin da ke jikin namu ba. Wanda ka gaisa da shi yau, ka gama ganinsa ke nan. An rataya wa kowa kati a wuya, da shi za ka buɗe ɗaki, da shi za ka ci, da shi za ka fita, na'ura ta yi ƙara ta shaida kai ne. Jirgin ba ya shiga kogi, ina zai bi? Sai manyan tashoshi, inda za a zazzage mu cikin gari lokaci ɗaya, mu cika titi, mutanen garin suna kallonmu kamar yadda manomi ke kallon fara ta sauka. Akwai ranar da na yini cur ban ga teku ba, alhali a kansa nake. Na ce wa Maryama ta kawo ni kasuwar Maraɗi ne aka ɗora a kan ruwa.

Mai kula da ɗakinmu wata mata ce ƴar Madagaska, za ta yi shekara arba'in, Nirina sunanta. Tana jin Faransanci, don haka nakan tsayar da ita mu gaisa. Na lura tana amsa mini da fara'a amma ƙafarta ɗaya na waje. Ta ce mini ƴaƴanta uku suna wajen uwarta, wata tara ke nan ba ta gan su ba. Na ba ta labarin ina da wa da ya yi irin aikinta. Ban gaya mata yadda ya ƙare ba.

Ranar sauka, tun jajibiri aka ce kowa ya fitar da akwatinsa bakin ƙofa, aka liƙa masa takarda mai launi. Da safe lasifika ta shiga kira: masu ja su fita, masu shuɗi su shirya. Ba suna, launi. Mu kore ne. Ina ɗaura kallabi ke nan Nirina ta shigo da gudu, ta yaye zanen gadon da na tashi a kai, ko ɗumin jikina bai bar shi ba. Sai ta ga na tsaya ina kallonta da sandata a hannu. Ta saki zanen, ta ce, "Mama, ki yi haƙuri. A garinmu ma ba a barin babba ya fita shi kaɗai." Ta leƙa hanya dama da hagu, ta kama hannuna, ta taka mini zuwa bakin asansar. Taku nawa ne? Bai fi ashirin ba. Amma duk takun da ta yi sai ta waiwaya. Ƙofa ba ta gama rufewa ba na hango ta ta juya tana gudu.

A cikin asansar ɗin nan na fashe da kuka, Turawa suna kallona, Maryama ta rasa abin da ya same ni. Gani ya kori ji. Shekara ashirin ina ɗauka taurin kai ne ya dawo da Yaya gida. Sai ranar na ga abin da aka ajiye masa a kan tebur ya sa wa hannu. An nemi ya yarda ya riƙa yin mutunci a sace, yana waiwaye kamar mai ɗauke da kayan wani, ko kuma ya bari gaba ɗaya. Nirina ta zaɓi ta zauna saboda ƴaƴanta, kuma wallahi ban ga laifinta ba, Allah ya ba ta ladan takun nan ashirin. Shef ɗin ma da tasa hujjar, don ɗakunan da Yaya ya bari wasu ne suka ƙarasa masa da guminsu. Amma wanda ya ce ba zai iya ba, shi ma ba wawa ba ne, kuma ba wanda ya isa ya sa na ƙara yarda da haka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga jiragen yau, waɗanda aka ce sun ninka wanda ya bari. Na san shi, ba zai zage su ba. Zai shiga asansar ya hau ya sauka sau uku yana dariya, zai yaba tsabtar madafa, zai ɗanɗana kowane irin shayi. Sa'an nan ya ja wani ma'aikaci gefe ya tambaye shi wa ke taka wa mutanen nan idan za su tafi. Ina jin kuma ba sai ya je teku ba zai yi wannan tambayar. A Tasawa ma yanzu baƙo na miƙewa, mai gida ya ɗaga masa hannu daga kan tabarma, idonsa na kan waya, ya ce sai an jima. Ni kaina na sha yi, ina fakewa da ciwon gwiwa.

Me Yaya ya bari? Gona ɗaya, gida mai ɗaki huɗu, da hotunan Turawan da ba mu san sunayensu ba cikin wani tsohon gwangwanin biskit. Tsohuwa an yanka ta, ƙila ƙarfenta ya zama kwanon rufi a wani gari. Babban jirgin da ya bari ma na ji an ce yanzu shi ne tsoho, matasa ba sa son shiga. Abin da bai tsufa ba shi ne halinsa. Ko a shekarunsa na ƙarshe, da numfashi ke yi masa wuya, babu wanda ya zo gaishe shi ya koma shi kaɗai, har waɗanda suka fito daga majalisar da ake yi masa dariya. Ya san suna yi. Bai fasa ba, bai kuma taɓa neman su fahimce shi ba.

Don haka masu cewa rakiyar Isuhu, ku ci gaba da faɗa, baki naku ne. Amma duk wanda ya faɗe ta kusa da ni, ko a tasha ko a gidan biki, ya shirya zama, don sai ya ji labarin nan tun daga Dakar har bakin asansar, ko motarsa za ta tashi ta bar shi. Na yi shirun shekara goma sha biyu, ya ishe ni.

Kai kuma Sani, na san za a kawo maka jaridar nan har shago. Karatunka da ya katse gaskiya ne, ba zan ce maka ba a yi maka asara ba. Ni ma na taya gari jifan ubanka, kuma dutsena ya fi na kowa girma. Na makara wajen neman gafararsa, kai ba ka makara ba. Idan Allah ya sauki matarka lafiya kuma namiji ne, kai ne uba, abin da ka raɗa wa liman shi za a faɗa, ba zan yi maka rigima a gaban mutane ba. Amma ka sani, sunan da gwaggo ta liƙa wa yaro ba ya fita. Ni da ban taɓa kama sunan Yaya da bakina ba tun da aka haife ni, sai dai a takarda, zan goya yaron nan na ratsa tsakiyar kasuwar Mayahi ranar da take ci, duk wanda ya tambaye ni wane ne wannan, in ce masa Isuhu ne, da ƙarfi, yadda na ƙarshen rumfa zai ji.